Daga Rigasa zuwa Prague a kan sawun Johnny Madden

Bikin kammala karatun ƙanena ne ya kai ni Glasgow, amma tun kafin in nemi biza na ƙudura cewa tafiyar ba za ta ƙare a ɗaukar hoto da mai rigar digiri ba. Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare a Kaduna, da yamma kuma ina horar da yaran unguwa ƙwallo. Na daɗe ina karanta tarihin wani mutum mai suna Johnny Madden, lebura a masana'antar ƙera jiragen ruwa, wanda ya buga wa kulob ɗin ƙwallo na Celtic da ke Glasgow wasanta na farko a 1888, daga baya ya tafi Prague, babban birnin Jamhuriyar Cek, ya horar da kulob ɗin Slavia shekara 25. Ina son in ga garin da ya haife shi da garin da ya binne shi.

Wahalar farko ita ce takardu. Birtaniya da bizarta, Jamhuriyar Cek kuma tana cikin ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka biza biyu na nema, kowacce da kuɗinta, da takardar banki, da wasiƙar wurin aiki, ta biyun har da inshorar lafiya. Kwasar adashin malamai da na yi ta shekara guda ta tafi a tikiti da biza, sauran ƙanena ya cika.

Na hau jirgin ƙasa a Rigasa da sassafe bayan an binciki jakunkuna an duba katin shaida. Tun harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022, idan an shiga dajin da ke wajen Katari hira takan ragu a cikin tarago, kowa ya koma ga carbinsa ko wayarsa. Allah ya kai mu Idu lafiya. Daga Abuja zuwa Landan awa shida da wani abu ne a sama. Jami'ar shige da fice ta tambaye ni wurin wa na zo da ranar komawata, na nuna mata wasiƙar jami'a, ta miƙo mini fasfo. Daga tashar Euston na ɗauki jirgin ƙasa zuwa Glasgow, tafiyar awa huɗu da rabi a cikin koren ƙasa da tumaki marasa makiyayi.

Ƙanena yana haya a kudancin birnin, kusa da Pollokshields, inda 'yan asalin Pakistan suke da yawa, saboda haka naman halal da shinkafa da barkono ba su yi mana wuya ba. Abin da ya rikita ni shi ne rana. Ƙarshen watan Yuni ne, kuma sai bayan ƙarfe goma na dare ake magariba, kafin mutum ya yi barcin kirki asuba ta yi. Daren farko ina zaune ina jiran duhu ya ce mini, "Yaya, ka kwanta kawai, nan in ka ce sai ka ga dare za ka kwana a zaune." Mun yi Juma'a a babban masallacin Glasgow da ke gefen kogin Clyde, wanda aka buɗe a 1984, sahu ɗaya da Larabawa da 'yan Somaliya da Turawan da suka musulunta. Ana cewa bazara ce, ni kuwa ban rabu da rigar sanyi ba, ga yayyafi da ba ya sallama.

Bayan biki na fara da gidan tarihin ƙwallo da ke cikin filin Hampden, wanda daga gidan da ƙafa ma ana zuwa. A nan ne na fahimci duniyar da Madden ya taso a ciki. An haife shi a 1865, yana ɗan shekara bakwai aka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a duniya, tsakanin Sikotilan da Ingila, ranar 30 ga Nuwamba 1872, a unguwar Partick ta Glasgow, aka tashi babu ci. A lokacin 'yan Ingila, waɗanda yawancinsu 'ya'yan masu hali ne, sun fi yarda da mutum ya ɗauki ƙwallo ya yi ta yanka har a ƙwace. 'Yan Queen's Park, kulob ɗin da ya ba Sikotilan 'yan wasanta a ranar, su kuma suna ba juna ƙwallo a ƙasa, gajere-gajere, kowa yana neman sarari. Wannan salon ya bazu a garuruwan ma'aikata, har masu kulob-kulob na arewacin Ingila suka riƙa zuwa suna zawarcin samarin Sikotilan, a ba su aiki a masaƙa da sunan aiki, a biya su kuɗin ƙwallo a ɓoye. Ingila ta halatta biyan ɗan wasa a 1885. Sikotilan ta ci gaba da ganin abin a matsayin zubar da mutunci har 1893. Na tsaya gaban kofin ƙasar, wanda ake bugawa tun kakar 1873 zuwa 1874, ina tunanin cewa masu kafa doka a lokacin mutane ne da ba su taɓa rasa kuɗin burodi don sun karye a fili ba. Wanda yake da gado zai iya cewa ƙwallo don sha'awa ce. Leburan da ya bar aikin Asabar don ya buga wasa, shi ya san abin da ya rasa.

Dumbarton, garin da aka haifi Madden, ba ta da nisa. Daga ƙasan tashar Queen Street jirgi ya kai ni cikin ɗan abin da ya haura rabin awa, kuɗin zuwa da dawowa bai kai fam 10 ba. Ƙaramin gari ne a inda kogin Leven yake shiga Clyde, kuma abin da ya mamaye shi wani ƙaton dutse ne mai kai biyu da tsohuwar ganuwa a kansa. Na biya na hau. Matakalar ta haura 500, gwiwoyina sun gaya mini shekaruna, amma daga sama mutum yana ganin komai: kogin, da filayen da a da masana'antun jirgi suke, da filin ƙwallon garin a gindin dutsen, mai rumfar 'yan kallo guda ɗaya tak da ke ɗaukar mutum wajen 2,000. Wanda ya ga filin nan yau ba zai yarda cewa Dumbarton ce ta ci gasar lig ta farko a Sikotilan ba. Ta raba kofin da Rangers a 1891, ta ɗauke shi ita kaɗai a 1892. Ƙauyen Renton da ke sama kaɗan a bakin kogin ya doke West Bromwich Albion ta Ingila da ci 4 da 1 a 1888, suka kira kansu zakarun duniya. Wannan ɗan kwarin ya taɓa zama cibiyar ƙwallo, kuma kuɗi ne ya kwashe 'ya'yansa zuwa manyan birane.

Inda na fi daɗewa shi ne abin da ya rage na kamfanin ƙera jiragen ruwa na Denny, wanda ya rufe a 1963. Sun bar wani dogon kududdufi a cikin gini, mai tsawon filin ƙwallo, inda injiniyoyi suke gwada ƙananan samfurin jirgi kafin a ƙera na gaske. Wani dattijo mai kula da wurin ya bayyana mini sana'ar Madden. Kafin zuwan walda, farantan ƙarfen jikin jirgi da ƙusoshi ake haɗa su. Yaro yana gasa ƙusa a wuta sai ta yi ja, a cilla wa wani ya zura ta a rami, wani ya tokare ta daga ciki, sannan mutum biyu su yi ta dukanta da guduma a jere, wannan ya ɗaga wannan ya sauke, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Ana biyansu gwargwadon yawan ƙusar da suka buga, kuma da yawansu suna kurmancewa kafin tsufa. Mutumin da ya yini yana wannan aikin shi ne zai fito da yamma ya yi atisaye. Iyayen Madden baƙi ne daga Ireland, Katolika, cikin talakawan gari. Da rigar Dumbarton ya buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 1887, Hibernian ta doke su 2 da 1.

Na tambayi dattijon ko ya san Madden. Ya yi shiru, ya ce sunan iyali ne da ake ji a garin, amma ɗan ƙwallon bai san shi ba. A shagon da na ci kifi da soyayyen dankali, fam 11 har da shayi, na sake tambaya, matar ta kira mijinta, shi ma ya girgiza kai. Na zaga babban titin garin ban ga allo ko wata alama da sunansa ba. Abin ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Ban ga laifinsu ba, garin ya rasa masana'antunsa kuma yana da damuwar da ta fi wannan, amma na koma Glasgow da nauyi a zuciya.

Celtic Park a gabashin birnin yake, yana ɗaukar mutum 60,000, zagayen ciki kuma na biya wajen fam 20. A ƙofa akwai mutum-mutumin Brother Walfrid, malamin Katolika da ya kafa kulob ɗin a ƙarshen 1887 don a tara kuɗin ciyar da yaran matalauta 'yan Ireland. Ranar 28 ga Mayu 1888 suka buga wasansu na farko, da Rangers, suka ci 5 da 2, kuma Madden yana cikin 'yan gaba. Ya dawo ya zauna sosai a 1889, ya ci lig da su a 1893 da 1894 da 1896. Sau biyu kacal ya buga wa ƙasarsa, duka da Wales, amma ya zura ƙwallo biyar, huɗu daga ciki a wasa ɗaya a 1893 da aka tashi 8 da nema. Mai zagayawa da mu ya san wannan duka, sai dai hankalin 'yan yawon yana kan kofin Turai da Celtic ta ci a 1967, kuma hakan daidai ne. Da ya ji daga Najeriya nake, sai ya ce, "Efe Ambrose!" Na ce masa ai ɗan garinmu ne, a Kaduna aka haife shi, ya taɓa buga wa Kaduna United kafin ya zo musu a 2012. Muka yi ta hira a kan tsallen da yake yi idan ya ci ƙwallo, har sauran suka gaji da jiranmu.

Bayan Celtic, Madden ya ɗan taɓa Dundee da Tottenham, ƙafa ta gaji, tauraro ya dushe. A wancan zamani babu fansho ga ɗan ƙwallo, ƙarshen yawancinsu komawa aikin ƙarfi ne ko tsaron mashaya. Shi yana dab da shekara 40 ya kama hanyar Prague a 1905. Ni kuma na hau bas daga tashar Buchanan zuwa filin jirgin Edinburgh, awa biyu da 'yan mintoci a sama muka sauka.

A Prague an ɗan tsare ni a kan iyaka fiye da Landan. Jami'in ya nemi tikitin komawa da takardar masauki da inshora, ya ƙirga kwanakin bizar da yatsa, sannan ya buga hatimi. Kuɗinsu koruna ne, ba yuro ba. A lokacin da na je, tikitin koruna 40 yana yi wa mutum minti 90 a bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin kan titi, amma sai ka tura shi cikin wata 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa ta buga masa lokaci. Babu kwandasta, babu mai tsaron ƙofa, sai masu bincike cikin kayan gida da ke bayyana ba zato su ci tarar wanda bai buga ba. Wata tsohuwa ce ta nuna mini da hannu, ba mu da kalma ɗaya ta tarayya. Na sauka a wani ƙaramin masauki a unguwar Žižkov, ɗaki mai gado ɗaya, banɗaki na haɗaka.

Abinci ne ya ba ni wuya. Naman alade yana cikin kusan komai, har miya da man suya, kuma a wasu gidajen abinci giya ta fi ruwan kwalba araha. Na rayu a kan soyayyen cuku da dankali, da burodi da ayaba daga shagunan 'yan Vietnam da ke buɗe har dare, sai wani shagon Baturke mai kebab da na gano kusa da masauki. Shi ya kwatanta mini inda ake jam'i. Ba masallaci ba ne mai hasumiya, ɗaki ne a cikin wani gini, in ba a nuna maka ba za ka wuce.

Na hau tudun Letná, inda tsohon filin Slavia yake a zamanin Madden. Daga can ana ganin kogin Vltava da gadojinsa a jere da jajayen rufin birnin. Filin babu shi. Gwamnatin kwaminisanci ta tashe su daga wurin a lokacin da ake gina wani ƙaton gunkin Stalin a kan tudun, wanda aka buɗe a 1955 aka kuma fasa da nakiya a 1962. Yanzu matasa ne ke wasan allon taya a dandalin. A nan na zauna na jera abin da mutumin nan ya gani. Ya zo birnin yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Ya ga yaƙin duniya na farko, ya ga haihuwar Cekoslovakiya a 1918, ya ga shigowar sojojin Jamus a 1939, ya ga kwaminis sun karɓi mulki a Fabrairun 1948, ya rasu a Afrilun shekarar. Ya auri 'yar ƙasar, kuma bai koma gida da zama ba.

Slavia ɗaliban likitanci ne suka kafa ta a 1892. Madden ya tarar da samari masu ilimi da sha'awa, ya kawo musu abin da ya koya a bakin Clyde: ƙwallo a ƙasa, fasin gajere, tsayar da ƙwallo kafin a buga, kowa ya san wurinsa. Ya kawo atisaye na kullum mai tsari, da motsa jiki, da tausa, da kula da rauni, da tsawatarwa a kan taba da giya kafin wasa. Harshen Cek bai taɓa zama a bakinsa sosai ba, da gauraye da nuni yake koyarwa, su kuma suna kiransa Dědek, wato tsoho. Da aka fara gasar ƙwararru a 1925 Slavia ce ta ci. Ta sake ci a 1929, ta kai wasan ƙarshe na kofin Mitropa, gasar kulob-kulob na tsakiyar Turai, a shekarar, inda Újpest ta Hangari ta doke ta. A kakarsa ta ƙarshe, 1930, yana da shekara 65, ta ci duka wasanninta 14 na lig. Abokiyar gabarta Sparta ma wani ɗan Sikotilan ta ɗauko, John Dick, tsohon ɗan Arsenal. Amma abin da ya fi girma a idona ya faru ne bayan Madden ya ajiye aiki. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1934, wanda Italiya ta ci Cekoslovakiya 2 da 1, takwas daga cikin 11 na Cekoslovakiya 'yan Slavia ne, har da kyaftin kuma gola František Plánička, da Antonín Puč da ya ci musu ƙwallon. Plánička da Puč duk a hannun tsohon suka girma.

Filin Slavia na yanzu yana unguwar Vršovice, ana ce masa Eden, an buɗe shi a 2008. Na zo lokacin hutun kaka, ban samu kallon wasa ba, kuma wannan ya yi mini ciwo. Ɗaya daga cikin rumfunan 'yan kallo sunan Madden take ɗauke da shi. A shagon kulob na haɗu da wani magidanci da ɗansa suna zaɓen jesi, rabi ja rabi fari da jan tauraro mai kallon ƙasa. Na nuna masa hoton Madden a wayata, mai hular kwano da lofe. Bai yi jinkiri ba ya faɗi laƙabinsa, ya juya ya yi wa yaron bayani da harshensu. Da ya ji Najeriya sai ya lissafo Peter Olayinka da Igoh Ogbu, ya dafa ƙirji. Shi ya rubuta mini a takarda cewa in sauka a tashar Flora in shiga maƙabartar Olšany.

Maƙabartar ita ce mafi girma a birnin, tun 1680 ake binne mutane a cikinta, bishiyoyi da ganye sun rufe tsofaffin kaburbura har mutum ya ɓata. Sai da wani mai shara ya raka ni. Kabarin a share yake, da furanni da ƙyalle ja da fari da magoya baya suka bari. Na tsaya na karanta shekarun, 1865 da 1948, na tuna cewa duk mai rai mamaci ne. Mu ba ma gina kabari, ba ma kai fure, kuma ban fito ina sha'awar mu fara ba. Abin da ya dame ni daban ne. Mutanen nan sun riƙe sunan malaminsu fiye da shekara 70 bayan mutuwarsa, uba yana gaya wa ɗa. Kaduna ta fitar da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988. Wa ya koya wa waɗannan tsayar da ƙwallo suna yara? Akwai masu horarwa a filayen ƙura na Tudun Wada da Unguwar Rimi da Kakuri da suka ba da rayuwarsu ga wannan, wasu na san su, wasu suna nan da rai cikin rashin lafiya da rashin abin hannu, kuma yaran da nake horarwa ba za su iya kawo sunan ko ɗaya ba. Sannan kulob ɗinmu, in koci ya yi rashin nasara uku a jere an sallame shi, wani lokaci da bashin albashi. Slavia ta bar mutum ɗaya shekara 25, a cikinsu akwai shekarun da Sparta ta danne ta ƙwarai, ba ta kore shi ba.

Komawa ta kasance ta Edinburgh da Landan, babu abin faɗi sai jiran jirgi. Kwanakin Prague, masauki da abinci da zirga-zirga, sun zo mini da sauƙi sosai a kan na Glasgow, inda kofin shayi kaɗai yake cin fam 3. Na sauka Abuja cikin ruwan Yuli, na kwana wurin wani abokin aiki a Kubwa, washegari na kama jirgin Rigasa. Da aka koma makaranta na sa wa yaran doka a atisayen Talata da Alhamis: fili ƙarami, ba a ɗaga ƙwallo sama da gwiwa, ba a taɓa ta fiye da sau biyu. Suna ƙorafi, musamman masu son yanka, wani ma ya ce, "Malam, wannan ai ba ƙwallo ba ce, lissafi ne." Na kuma je gidan wani tsohon koci a Tudun Wada da ya horar da mu muna yara, na roƙe shi ya riƙa zuwa ranar Alhamis yana zama a bakin fili. Ya ce ƙafarsa ba ta kai shi nisa, na ce zan riƙa ɗauko shi a babur, ya amince.